Daga fensir zuwa wuƙar inji: yadda ake bin zanen hannu da layin bekta

Ana saura mako uku a fara kokowar takobi ƙanin matata ya sauka Yamai daga Tawa, ya shigo shagonmu na buga takardu da ke bayan kasuwar Wadata riƙe da takarda a naɗe. Ƴan kokowa biyu ya zana da fensir, sun sarƙe, ɗaya ya cusa kai ƙarƙashin hammatar abokin karawarsa, ƙafarsa ta dama ta nutse cikin rairayi har idon sawu. Yaron yana da hannu, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Abu huɗu yake so daga zanen: riguna na ƙungiyarsu ta magoya baya, babban ƙyalle mai tsawon mita 3, sitika ta gilashin mota, da hatimin ƙungiya. Ƴan Ader, wato mutanen yankin Tawa, ba sa wasa da wannan gasa, a garinsu aka fara yin ta a 1975, kuma duk shekara jihohi takwas kowace ta kawo ƴan kokowa goma.

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Ya dube ni kamar na ce wata biyu.

"Haba Yaya, mi za ya sa ka kwana biyu bisa wannan? Ɗauke shi hoto kawai ka buga, ai na gama aikin."

Na ce masa rabin aikin ya gama, in kuma bai yarda ba zan kai ƙararsa wurin yayarsa. Ragowar rabin shi ne abin da masu zanen barkwanci da littattafan yara ke kira sa tawada, wato a bi zanen fensir da layi baƙi mai tsabta wanda zai jure bugu. Da can da alƙalami da buroshi ake yi. Yanzu da yawa a kwamfuta suke yi, da abin da ake kira layin bekta.

Kwamfuta tana da hanyoyi biyu na riƙe zane. Ta farko ita ce ta hoto: a yanka fili zuwa ƙananan gidaje, kowane gida a rubuta launinsa. Waɗannan gidajen su ne fiksel. Ka dubi tabarmar kaba mai ado, daga nesa zanen ya tafi sumul, ka matso kusa sai ka ga ashe duk hawa-hawa ne kamar matakala, domin saƙa ba ta san lanƙwasa ba. Takardar A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, in aka ɗauke ta da sikana a kan ɗigo 300 cikin kowane inci, tana ba da gidaje 2480 a faɗi da 3508 a tsaye. Da yawa kam, amma ƙidayayyu ne, in ka ja hoton ya girma gidajen ne ke kumbura, ba ƙaruwa suke ba. In kuma ta WhatsApp hoton ya biyo a matsayin hoto, manhajar ta riga ta matse shi, ta zubar da mafi yawan gidajen, ta bar wata ƙura-ƙura a gefen kowane layi.

Hanya ta biyu ta magini ce. In zai fitar da da'irar rumbu, turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya zagaya da tsinke yana zana ƙasa. Ka ce masa a ninka girman, ba zai je yana jan da'irar da ya zana ba, igiya zai ƙara ya sake zagayawa, da'irar ta fito sabuwa fil. Fayil ɗin bekta haka yake: umarni ne a ciki, fara daga nan, lanƙwasa zuwa can, kaurin layi kaza, launi kaza. Duk girman da aka nema, kwamfuta sake zanawa take daga umarnin.

Sai dai in faɗi gaskiya, maganar girma ba ita ce babbar hujjar aiki da bekta ba, ko da yake ita aka fi faɗa. Ƙyallen da za a rataya a jikin mota daga nesa ake kallonsa, hoton sikana mai kyau zai iya ɗaukar nauyinsa ba wanda zai lura. Inda hoto ke tsayawa cak shi ne gaban injin yankan sitika. Wannan inji ƴar wuƙa ce ke yawo a kan leda, kuma wuƙa ba ta san launi ba, ba ta san fiksel ba, hanya take nema da za ta bi. Haka injin surfani na kwamfuta, allurarsa hanya take bi. Ko mai bugun riga da raga, wanda ke zuba kowane launi ta ragarsa daban, yana son baki mai kaifi da launuka a rarrabe. Ga kuma gyara: in mai aiki ya dawo ya ce a ƙara wa ɗan kokowa kaurin damtse, a bekta ƙulli biyu za ka matsar, a hoto kuwa sai gogewa da sake zane.

Asalin lissafin lanƙwasar bekta daga masana'antar mota ya fito. A ƙarshen shekarun 1950 masu ƙera motoci a Faransa suna neman yadda za su gaya wa injin sassaƙa siffar lanƙwasar jikin mota da lambobi. Kafin nan siririn katako mai lanƙwasuwa masu zane ke shimfiɗawa, su danne shi da nauyin dalma a wurare, su bi gefensa da alƙalami, dabarar da suka gada daga masu ƙera jiragen ruwa. Paul de Casteljau, masanin lissafi a kamfanin Citroën, ya samo mafita a 1959, amma kamfanin ya ɓoye aikin a matsayin sirrin sana'a. Pierre Bézier, injiniya a Renault, ya isa wurin ta tasa hanyar, ya wallafa a shekarun 1960, sai sunansa ya bi lanƙwasar har yau. Ana furta shi Beziye.

Na fi son nuna wa almajiraina abin a ƙasa kafin su taɓa kwamfuta, kuma haka na yi wa surukin nawa a bakin shago. Ka ajiye duwatsu huɗu a rairayi, biyu a ƙasa nesa da juna, biyu a sama tsakaninsu. Ja layi daga na farko zuwa na biyu, na biyu zuwa na uku, na uku zuwa na huɗu. Layi uku ke nan. Yi alama a tsakiyar kowanne, ka haɗa alamomin, layi biyu sun fito. Yi alama a tsakiyar waɗannan ma, ka haɗa, saura layi ɗaya. Tsakiyarsa tana kan lanƙwasar daidai. Ka maimaita, amma maimakon rabi ka auna rubu'i a kowane layi, sannan rubu'i uku, za ka ga ɗige-ɗige suna jeruwa kamar baka, daga dutsen farko zuwa na ƙarshe. Wannan ita ce dabarar de Casteljau, ba ƙari ba ragi. Lanƙwasar tana taɓa dutsen farko da na ƙarshe, na tsakiya biyun kuwa ba ta zuwa wurinsu, janta kawai suke, kamar yadda tsirkiya ke jan baka. Tana barin dutsen farko tana fuskantar na biyu, ta iso na ƙarshe daga wajen na uku, kuma ba ta taɓa fita daga filin da duwatsun huɗu suka kewaye.

A manhaja duwatsun gefe su ne ƙulli, na tsakiya kuma mariƙi, ƴan sandunan nan da ke fitowa daga ƙulli in ka danna ka ja. Kwamfutocinmu na Yamai galibi da Faransanci suke, kuma kalmomin da ke ciki ma'anarsu ke nan, ƙulli da mariƙi. Gaɓa ɗaya ta lanƙwasa lambobi takwas ne kacal, biyu ga kowane dutse. Wanda ya buɗe fayil ɗin SVG, wani nau'in fayil na bekta, da manhajar rubutu zai gani da idonsa: M na nufin ɗaga alƙalami ka sauke a nan, L miƙaƙƙen layi, C lanƙwasa, Z rufe hanya, sauran galibi lambobi ne. Kamfanin Adobe na Amurka ya sa wannan lanƙwasa cikin harshen injinan bugu na PostScript a 1984, ya fitar da manhajar zane ta Illustrator a 1987. CorelDRAW ta biyo daga Kanada a 1989, ita ce kuma za ka fi tararwa a shagunan bugu. Inkscape ta fito a 2003, kyauta ce, ba kuɗin wata, kuma da ita nake koyar da yara. A kan wacce ta fi ana ta musu a bakin shayi, ni dai ban ga bambanci a lanƙwasar ba, duwatsu huɗun nan ne a ko'ina.

Aikin yana farawa da shigar da zanen. Sikana ta fi, a ɗigo 300 ko 600. In babu, salula ta isa, muddin an shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, da safe kafin rana ta yi ƙarfi, aka riƙe wayar daidai saman takardar ba a karkace ba, kuma ba a kunna fitilarta ba, don fensir yana ƙyalli. In za a turo ta WhatsApp a turo a matsayin fayil. A manhaja zane falle-falle yake, kamar takardun da ake gani ta cikinsu an ɗora wata kan wata. Hoton yana zama a falle na ƙasa, a rage masa duhu zuwa kamar kashi 30 ko 40 cikin ɗari, a kulle shi don kada hannu ya ture shi. A buɗe sabon falle a sama. Ni da siririn layi ja nake fara bi, don in riƙa ganin fensir a ƙarƙashi, sai a ƙarshe in mayar da shi baƙi. A kuma riƙa adanawa kowane minti kaɗan. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta a watan Afrilu yana tsakiyar fuskar mutum ba sai an tuna masa ba.

Daga nan ne ainihin wahalar take. Na ƙara girman kafaɗar ɗan kokowar da ke sama na kira mai zanen ya gani. Layi biyar ne a wurin, ba ɗaya ba. Fensir ya zo ya wuce, ya dawo ya gyara, ya sake dawowa, wani mai duhu wani mai haske. Idon mai kallo yana haɗa su ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi, shi ya sa zanen fensir ke da rai, kamar yana motsi. Tawada ba ta da wannan gatan, layi ɗaya za ta ajiye. Wanne? Sabon shiga yakan bi tsakiyarsu, ya fitar da kafaɗa mai laushi kamar ta wanda bai taɓa ɗaga buhun gero ba. Wani ya bi mafi duhu, alhali mafi duhu sau da yawa wurin da hannu ya yi ta kai-komo ne saboda shakka. Dole mai sa tawada ya san abin da ke ƙarƙashin fata, inda ƙashin kafaɗa ya turo, inda tsoka ta ɗaure saboda nauyin da ta ɗauka. Na tambaye shi wanne ya nufa. Ya yi shiru, ya sa yatsa a kan na waje, wanda ya fi kowanne karyewa. Shi muka ɗauka. Tambayar nan na yi ta fiye da sau ashirin kafin mu gama, kuma ita ce ta ci kwana ɗaya daga cikin biyun.

Sai wurin ajiye ƙulli. Kuskuren kowa na farko, har da ni, shi ne yawan dannawa: ɗigo, ɗigo, ɗigo, kamar mai shuka gero, ana tsammanin yawan ƙulli zai sa a bi fensir daidai. Abin da ke fitowa layi ne mai ƙuraje, domin kowane ƙulli wuri ne da lanƙwasa za ta iya yin tuntuɓe, kuma in ka zo gyara sai ka matsar da talatin maimakon uku. Da'ira cikakkiya ƙulli huɗu take buƙata, sama da ƙasa da dama da hagu, kowane mariƙi tsawonsa kusan kashi 55 cikin ɗari na nisan tsakiya zuwa baki. Masu ƙera haruffan bugu daga nan suka ɗauko ƙa'idarsu, kuma tana aiki a jikin mutum: ka sa ƙulli a ƙololuwar lanƙwasa, inda layi ya gama hawa zai fara gangara, ko ya gama tafiya dama zai juyo hagu, ka bar mariƙinsa a kwance ko a tsaye. A Inkscape riƙe Ctrl yana tsayar da kusurwar, a Illustrator kuma Shift. Sannan ka sa ƙulli a duk inda layi ya karye da gaske. Tsakanin waɗannan, bar mariƙai su yi aikin. Kowane mariƙi ya kai kamar sulusin tsawon gaɓarsa, kada ɗaya ya yi dogo ɗaya ya yi guntu sai lanƙwasar ta kumbura gefe guda, kada kuma su gitta juna sai ta murɗe.

Bayan ɗan kokowar, daga wuya zuwa ƙugu, ƙulli huɗu na sa. Ɗan yatsan ƙafarsa ya ci shida.

Ƙullin ma iri-iri ne. Akwai mai santsi, wanda mariƙansa biyu ke kan layi ɗaya, ka ɗaga wannan wancan ya sauka kamar ma'auni, layi ya wuce ta cikinsa ba a ji ba. Akwai mai kusurwa, wanda kowane mariƙi ke gaban kansa. Gwiwar hannu, haɓa, bakin laya, inda walki ya naɗe, duk kusurwa ne. Wanda ya mayar da kowane ƙulli mai santsi don yana son tsabta zai wayi gari da ƴan kokowa kamar an hura su da iska. Akwai umarnin sauƙaƙawa, Ctrl da L a Inkscape, da ke rage ƙulli da kansa. Sau ɗaya yana taimako. Ka danna sau huɗu, garin neman gira ka rasa ido, hanci ya narke, yatsu su zama ayaba.

Da na gama bin zanen duka na mayar da layin baƙi, surukina ya leƙo ya ɓata fuska.

"Yaya, wannan ai waya ce ka lanƙwasa. Ina mutanena?"

Gaskiyarsa. Layin bekta in an bar shi yadda ya zo kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, bakinsa a datse kamar an sare da almakashi. Hannun mutum ba ya haka. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san alƙalamin kara yana buɗewa in ya gangaro, ya tsuke in ya juya, kuma wannan buɗewa da tsukewa ita ce kyan rubutun. A zane kaurin layi magana yake. Inda nauyi ya sauka, kamar ƙarƙashin ƙafar da ta nutse a rairayi, layi ya yi kauri. Gefen da ke cikin inuwa ya fi na rana kauri. Abin da ke kusa da mai kallo ya fi na nesa. Layin da ya kewaye jiki duka ya fi na cikin jiki, irin su ninkin ciki da jijiyar wuya, waɗanda ya kamata su fara da ɗan kauri su ƙare siriri kamar gashi. Inda layi biyu suka haɗu, a hammata ko tsakanin yatsu, a ɗan cika kusurwar da baƙi, yadda tawada ta gaske ke taruwa.

Mafi sauƙin hanya ita ce a yi aiki da kauri uku, babba na waje, matsakaici, da siriri, a kuma zagaye bakin layukan. Don tambari ko sitika wannan ya wadatar. Wanda ke son abin da ya fi haka sai ya koma ga kayan canja kauri: Illustrator ta samu nata tun 2010, Inkscape ma tana da irinsa cikin kayan ƙawata hanya, ka kama layi a wuri ka ja ya buɗe a nan kaɗai. Akwai kuma tsohuwar hanya mai cin rai, wadda nake komawa gare ta a fuska da hannuwa: ka manta da cewa layi ne, ka zana shi a matsayin siffa, ka bi gefensa na waje ka dawo ta na ciki ka rufe, ka cika da baƙi. Aiki ninki biyu ne, amma kowane kumburi da tsukewa kai ka sa shi. Allon zane mai alƙalami da ke jin nauyin hannu yana rage wahala ga mai shi. Da linzamin kwamfuta kawai ma ana yi, kuma wannan na cikin abin da ya sa bekta ta karɓu a wurinmu: ba ta neman hannu marar rawa, haƙuri take nema.

Mutum biyu da suka sarƙe suna kawo wata matsala, wa ke gaban wa. Hannun wannan ya bi ta bayan wuyan wancan ya ɓullo ta gaba. Ni kowace gaɓa nake zanawa cikakkiya, har ɓangaren da ba a gani, in cika ta da fari, in jera su gaba da baya kamar ana jera faranti. Ta haka lanƙwasar cinya ba ta karyewa don wani hannu ya gitta ta, in an matsar da hannun kuma ba a tarar da rami ba.

Za a ce, ba akwai maɓallin da ke yin duk wannan da kansa ba? Akwai. Wanda ke cikin Inkscape an gina shi a kan Potrace, manhajar da masanin lissafi Peter Selinger ya rubuta. Tana mayar da hoton baƙi da fari zalla, ta bi iyakar da ke tsakaninsu, ta fitar da siffa mai kusurwoyi, sannan ta goge ta zuwa lanƙwasar Bézier. Aikinta yana da kyau ƙwarai, amma iyaka take bi, ba niyya ba. Ka ba ta kafaɗar nan mai layi biyar, biyar ɗin za ta ba ka, da dattin gogewa, da tabon shayin da ke gefen takarda, cikin dubban ƙulli. Kuma kowane layi tsibiri ne mai baki biyu, ba za ka iya cewa a rage masa kauri ba. Inda take da amfani shi ne in mai zanen ya riga ya sa tawadarsa da hannu, baƙi sosai a farar takarda mai tsabta. A nan ni ma ita nake bari ta yi, don tana riƙe rawar hannun mai zane, wadda in na bi da kaina zan goge ta ban sani ba. Wani dattijo mai rubuta allunan shaguna da fenti, da ke kawo mana aiki, ban taɓa bin harafinsa da ƙulli ba. Na gwada sau ɗaya, ya duba ya ce, "Ɗana, ka yi masa aski." Zanen da kuma kyansa ke cikin inuwar fensir ko gawayi ko fentin ruwa, a bar shi hoto, bekta ba abin da za ta ƙara masa.

Miƙa aiki ga mai inji shi ma yana da nasa tarko, kuma na taɓa faɗawa. Shekarun baya na kai wa wani mai yankan sitika zanen raƙumin dawa, layukansa masu kauri gwanin kyau a allon kwamfuta. Da na dawo karɓa na tarar wuƙar ta bi tsakiyar kowane layi sau ɗaya, ta tsaga ledar, ba abin da za a ɓare a manna. Laifina ne. Kauri riga ce da manhaja ke sa wa hanya, wuƙa kuwa hanyar tsirara take gani. Kafin a kai wa inji dole a mayar da kowane layi siffa mai baki biyu, sannan a narkar da duk waɗanda suka hau juna su zama guda, in ba haka ba wuƙar za ta yanka ta cikin mahaɗa. Amma a yi wannan a kwafi. Fayil na asali mai layuka masu rai a ajiye shi, don bayan narkarwa gyara ya zama aikin gayya. Ga mai bugun riga kuma, kowane launi a fallensa, kuma launin ƙasa ya ɗan shiga ƙarƙashin baƙin layi, saboda raga ba ta sauka daidai wuri ɗaya sau biyu, in ba a yi haka ba farin zare zai riƙa leƙowa tsakani.

Rubutu ma a mayar da shi siffa. Mu masu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ mun fi kowa sanin dalili: kwamfutar mai bugu in ba ta da irin harafin da ka yi amfani da shi, sai ta musanya da wani, ƙugiyar ta ɓace ko akwati ya fito a wurinta. Taken ƙungiyar surukina yana da kalmar ƙarfi a ciki, kuma ba na son ganin fuskarsa in ta fito da ɗan akwati a gaba. PDF nake kai wa masu bugu, don fayil ɗin Corel na sabon zubi ba ya buɗuwa a tsohon zubi, SVG kuma wata manhajar takan karanta girmansa daban. Ina rubuta awon a gefe, santimita kaza, don a gwada.

Riguna suka fito, ƙyalle ya fito, sitika ta ɓaru lafiya. Hatimi ne ya ƙi. Zanen rigar faɗinsa santimita 30 ne, hatimi kuwa 3. Layin da ke milimita 1 a riga ya koma kashi ɗaya cikin goma na milimita, layu da guraye da ke damtsen ƴan kokowar suka cure wuri guda, gwajin farko ya fito kamar an danne ƙuda a takarda. Lissafi bai yi kuskure ba, kowace lanƙwasa tana nan daidai, roba da tawada ne ba su iya ɗaukarta. Aka koma aka yi wa hatimi nasa zanen: na cire jijiyoyi da ninkin walki da rairayin da ke tashi, layu bakwai suka koma biyu, na ninka kaurin abin da ya rage, na buɗe tazara tsakanin kawunan biyu fiye da yadda take a fensir don kada tawada ta haɗe su.

Mai zanen yana tsaye a kaina duk lokacin, kowane layi na goge sai ya yi tsaki. Da na kai ga ƙafar da ta nutse a rairayi ya riƙe mini hannu.

"Wannan kam a bar ta, Yaya. In ka cire ta, wa za ya san wane ne zai kayar?"

Aka bar ta, na cire idon sawun ɗayan a madadinta. Ya buga hatimin a bayan takardar fensir ɗinsa sau uku, ya naɗe ta, ya tafi neman motar Tawa.